Da Wane Mudu Za A Auna Ɗan Majalisar Jiha? Darasi Daga Bauci

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Shagamu, ko unguwar Sabo ta Badun, in aka tambaye shi sunan Shugaban Ƙasa zai faɗa nan take. In aka tambaye shi Gwamnan jiharsa, ba zai yi inda-inda ba. Wani ma har sunan Sanatansa ya sani. Amma in aka ce masa, "Wane ne wakilin mazaɓarku a Majalisar Dokoki ta Jiha?" sai a ga ya fara sosa ƙeya. In ma ya tuna sunan, abin da zai biyo baya shi ne, "Ai mutumin kirki ne, da azumi ya raba shinkafa," ko kuwa, "Ai marowaci ne, tun da ya ci zaɓe ya sake lambar waya."

Wannan babban kuskure ne, kuma mazauna Kudu ya kamata su riga kowa gane haka. Dokar da ta hana 'yan acaɓa bin manyan titunan Ikko ba daga Abuja ta fito ba. Majalisar Dokokin Jihar Legas ce ta yi ta a 2012, wadda aka fi sani da dokar hanya ta 2012, ta kuma sabunta ta cikin dokar sufuri ta 2018, kuma a kanta Gwamnati ta dogara ta hana acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida ran 1 ga Yuni, 2022. Haka nan dokokin hana kiwon sake da jihohin Kudu da dama suka kafa a 2021, waɗanda suka taɓa makiyaya da fataken shanu, duk daga majalisun jihohi suka fito. Watau ɗan majalisar jiha, wanda ake raina wa kura, shi ne hannunsa ya fi kusa da aljihun talaka.

Saboda haka yana da kyau a ɗauki ɗan majalisa guda a bi sawunsa, tun daga hawansa kujera har ayyukan da ya sa hannu a ciki, a ga abin da za a koya. A Bauci wanda ya fi dacewa da wannan awo shi ne Alhaji Abubakar Y. Sulaiman, Ɗan Galadiman Ningi, wakilin Ningi ta Tsakiya, wanda ya zama Kakakin Majalisar Dokokin Jihar a 2019, ya kuma shugabanci taron Kakakin majalisun jihohi 36 na Nijeriya. Tarihinsa ya nuna abu ɗaya sarai: ana iya ƙwato wa majalisa 'yancin aljihunta da doka, amma 'yancin bakinta sai 'yan majalisa da masu zaɓensu sun ƙwato shi da kansu.

AIKIN DA AKA ƊAUKE SHI YA YI

Kafin a auna mutum, tilas a san aikin da aka ɗauke shi ya yi. Tsarin mulkin 1999 bai ɓoye kome ba a kan wannan. Majalisar jiha ita ke yin dokokin jiha. Sashe na 120 da na 121 sun ce ba a fitar da ko kwabo daga baitulmalin jiha sai da iznin doka, kuma Gwamna shi ke kawo kasafin kuɗi gaban majalisa ta duba. Sashe na 125 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha majalisa yake kai wa rahotonsa, ita kuma ta ba kwamitinta ya tantance. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincikar kowace ma'aikata, ta kira duk wanda take so ya zo ya ba da shaida, don a tona ɓarna da almubazzaranci. Ba a naɗa Kwamishina sai ta amince. In Gwamna ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya tsallake shi, dokar ta tabbata. In kuwa ta kama, sashe na 188 ya nuna hanyar tsige Gwamna ko mataimakinsa. An kuma wajabta mata ta zauna kwana 181 a shekara, ko fiye.

A duk wannan jeri babu inda aka ambaci rabon shinkafa, ko sayen ragon suna, ko biyan kuɗin mota zuwa gida. Waɗannan alheri ne, kuma mai alheri ba ya rasa lada. Amma aikin da aka ɗauki ɗan majalisa ya yi shi ne tsaron dukiyar jama'a da gyaran dokar da ake mulkinsu da ita. Da wannan mudun ya kamata a auna shi.

YADDA AKA HAU KUJERA

A zaɓen 2019 mutanen Bauci sun yi abin da ba kasafai ake yi ba. Sun kayar da Gwamna mai ci, Muhammad Abdullahi Abubakar na jam'iyyar APC, suka zaɓi Sanata Bala Muhammad na PDP. Amma a majalisa mai kujeru 31 sai suka ba APC 22, PDP 8, NNPP kuma 1. Watau Gwamna daga wata jam'iyya, masu rinjaye daga wata. A Amurka sau da yawa haka abin kan kasance, sai ɓangarorin biyu su zauna su yi ciniki a kan kasafi, kowa ya rage wani abu. A Nijeriya kuwa Gwamna ba ya samun barci in Kakaki ba nasa ba ne, balle a ce abokan hamayya suna da kujeru 22, adadin da ya haura kashi biyu cikin uku.

Ran 20 ga Yuni, 2019, da sanyin safiya, zaɓaɓɓun 'yan majalisa 11 suka shiga zaure suka zaɓi Alhaji Abubakar Sulaiman, wanda shi kansa ɗan APC ne a lokacin, ya zama Kakaki, Ɗanlami Kawule na PDP kuma ya zama mataimakinsa. Adadin nan na 11 ba daga sama ya faɗo ba. Sashe na 96 ya ce in sulusin 'yan majalisa suka hallara zama ya halatta, kuma sulusin 31 sai an kai mutum 11. Da sauran suka iso, suka ce an yi musu shigar sauri, sai suka taru a harabar majalisa, ƙarƙashin siffar sandar majalisa da aka kafa a waje, suka zaɓi tsohon Kakaki, Alhaji Kawuwa Shehu Damina. Ran nan birnin Bauci ya kwana da Kakaki biyu.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu goyon bayan sabon Kakaki suka ce adadin da doka ta nema ya cika, wanda ya makara kuwa kansa ya cuta. Ɗaya ɓangaren suka ce tsiraru ba sa naɗa wa masu rinjaye shugaba. Magana ta kai Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda ta aiko da kwamiti ta kuma nemi a sake ƙaddamar da majalisar, ta kuma kai gaban alƙali. Daga ƙarshe aka sasanta, cikin watan Agusta sauran 'yan majalisa suka yi rantsuwa suka shiga zaure ƙarƙashin Alhaji Abubakar Sulaiman.

A nan akwai abin yabo da abin tsoro. Abin yabon shi ne Bauci ta ɗinke ɓarakarta cikin 'yan makonni. A Jihar Edo, inda aka yi irin wannan a mako guda da na Bauci, mutum 9 cikin 24 suka buɗe majalisa da dare, kuma zaɓaɓɓun wakilai 14 ba su zauna a zaure ba har wa'adi ya ƙare. Wanda ya iya tara mutanen da suka yi masa tawaye, ya riƙe su shekara huɗu ba a sake jin kansu ba, lalle ya san zama da mutane. Abin tsoron kuwa shi ne, kujerar da aka hau ta wannan ƙofa, kowa ya san wanda ta fi yi wa daɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Kafin zaɓen 2023 Kakaki ya bar APC ya koma jam'iyyar Gwamna, kuma a ƙarƙashin tutarta ya sake tsayawa.

YAƘIN 'YANCIN ALJIHU

Yabon gwani ya zama dole. A 2020 takwarorinsa suka zaɓe shi shugaban taron Kakakin majalisun jihohi, ya gaji Mudashiru Obasa, Kakakin Majalisar Legas kuma wakilin Agege, wanda Hausawan Agege ba sa bukatar a gabatar musu da shi. Ya riƙe wannan muƙami har 2023, sa'ad da Adebo Ogundoyin na Jihar Oyo ya karɓa. Shekarun nan uku su ne lokacin da aka fi fafatawa a kan 'yancin kuɗin majalisun jihohi.

Ga yadda matsalar take. Da can, kuɗin gudanar da majalisa a hannun Gwamna yake. In kwamiti zai je duba wata hanya da aka ba da kwangilarta, kuɗin man motar sai an roƙo daga ofishin wanda za a je bincika. In Gwamna ya yi fushi, sai ya ɗaure bakin jaka, majalisa ta rasa ko kuɗin takarda. Mai roƙo kuwa ba ya ɗaga murya. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ce a riƙa ba majalisun jihohi da kotunansu kuɗinsu kai tsaye, amma yawancin Gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu. A watan Mayu na 2020 ya fitar da Umurni na 10 don a tilasta musu, jihohi suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke umurnin a watan Fabrairu na 2022. A tsakani, ma'aikatan majalisu da na kotuna sun yi dogon yajin aiki a 2021 a kan wannan magana. Sai a watan Maris na 2023 aka sa hannu a wani sabon gyara da ya fayyace yadda za a riƙa biyan kuɗin. A rukunin gyare-gyare 16 da aka sa wa hannu a lokacin har da waɗanda suka ba jihohi iko a kan wutar lantarki, da jirgin ƙasa, da gidajen yari. Ba a gyara tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 sun amince, saboda haka wanda ya shugabanci Kakakin a wannan lokaci yana da rabo a cikin wannan nasara, ba mai hana shi.

A gida ma akwai abin nunawa. A 2020 Majalisar Bauci ta zartar da dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta tsananta hukuncin fyaɗe da zaluntar mata da yara, Gwamna ya sa hannu, shekara biyar bayan ta Tarayya. A watan Disamba na 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare yara, ko da yake Bauci tana cikin jihohin ƙarshe da suka yi haka, shekara 20 bayan dokar Tarayya ta 2003. Magidancin da ya bar iyalinsa a Ningi ko Misau ko Azare ya tafi Ikko wata takwas, ya kamata ya san cewa waɗannan dokoki domin gidansa aka yi su. In wani abu ya sami 'yarsa a bayan idonsa, Allah ya kiyaye, da su za a je gaban alƙali.

Kujerar ma ba ta zauna masa lami lafiya ba. Bayan ya sake zama Kakaki a watan Yuni na 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓensa a watan Nuwamba, ta ce a sake ƙuri'a a rumfuna 10. Majalisa ta naɗa Alhaji Babayo Akuyam. Da aka sake zaɓe ran 3 ga Fabrairu, 2024, ya ci, sai Akuyam ya sauka aka mai da shi kujerarsa. Wannan ya nuna mutanen Ningi ta Tsakiya ba su gaji da shi ba, abokan aikinsa kuma sun yarda da shi. Ya kuma nuna wa masu cewa ƙuri'a ɗaya ba ta da amfani cewa rumfuna 10 kacal suna iya yanke hukuncin wanda zai shugabanci majalisar jiha sukutum.

INDA MUDU BAI CIKA BA

To, amma dokar da Gwamna yake so, da ƙungiyoyin agaji suke turawa, da malamai suka riga suka tace, ba ita ce ke gwada ƙarfin majalisa ba. Abin da ke gwada ta shi ne ranar da bukatar talaka ta yi karo da bukatar gidan Gwamnati. Irin wannan rana ta zo a 2022.

A watan Maris na shekarar Majalisar Tarayya ta aika wa jihohi shirin gyare-gyare 44, a cikinsu har da wanda zai ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a rushe asusun haɗin gwiwa da Gwamnoni ke riƙe da makullinsa. A watan Oktoba Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ovie Omo-Agege, ya fito ya ce jihohi 11 kaɗai suka kaɗa ƙuri'a, ya kuma zargi taron Kakakin da cewa sun yi garkuwa da aikin har sai an biya musu wasu bukatu huɗu, ciki har da 'yan sandan jiha da gyaran hanyar tsige shugabannin majalisa. Neman 'yan sandan jiha ba abin zargi ba ne a kan kansa. Wanda ya fito daga ƙasar da ke maƙwabtaka da dajin Lame-Burra ya san abin da rashin tsaro yake nufi. Amma sakamako shi ne abin dubawa. Da aka tattara ƙuri'u, 'yancin aljihun majalisu ya tsallake, 'yancin aljihun ƙananan hukumomi kuwa bai sami jihohi 24 ba, ya faɗi.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya wannan laifi, gama kowace majalisa da kanta ta kaɗa ƙuri'arta. Amma tarihi zai rubuta cewa 'yan majalisun jihohi sun iya haɗa kai sa'ad da maganar aljihunsu ta taso, suka kasa haɗa kai sa'ad da maganar aljihun ƙauye ta taso. Sai da Gwamnatin Tarayya ta kai jihohi ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi haramun ne. Aikin da wakilan jama'a ya kamata su yi, alƙalai suka yi musu.

A Bauci wannan magana ba ta nesa ba ce. Daga 2008 har 2020 ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, kantomomi Gwamnoni suka yi ta naɗawa, alhali majalisu suna zaune. An yi zaɓe a watan Oktoba na 2020, wannan ci gaba ne, amma jam'iyyar Gwamna ta lashe shugabancin ƙananan hukumomi 20 duka, haka kuma aka maimaita a 2024. Cutar ba ta Bauci kaɗai ba ce. Mazauna Ikko sun ga irinta a hannun APC, Kanawa ma sun gani a hannun duk wanda ke mulki. Amma hukumar zaɓe ta jiha da kasafin da majalisa ta amince da shi take aiki, dokar zaɓen kuma majalisa ce ke yin ta. Ƙaramar hukuma ita ce mai makarantar firamare, da ɗakin shan magani, da hanyar kasuwar ƙauye. Sa'ad da ta mutu, saurayi ya rasa abin yi, sai ya hau tirela ya nufo Kurmi. Yawancin masu karanta wannan magana sun san haka a jikinsu.

ABIN DA ZAUREN YA TAƁA GANI

Waiwaye adon tafiya. Zauren Majalisar Bauci ya taɓa ganin abin da kan faru in majalisa ta zama 'yar amshin Shata. A 2009 Gwamna Isa Yuguda ya bar ANPP ya koma PDP, mataimakinsa Alhaji Garba Gadi ya ƙi binsa. Majalisa ta tsige Gadi, Kakakinta Alhaji Babayo Gamawa ya zama Mataimakin Gwamna. A 2010 kotu ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba, ta ba da umurni a mai da Gadi.

A 2012 kuma majalisa ta dakatar da Rifkatu Samson Danna, wakiliyar Bogoro, mace ɗaya tilo a zauren, har illa ma sha Allahu, saboda ta ƙi amincewa da mai da hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafawa Ɓalewa zuwa Bununu. Ko mutum yana ganin ra'ayinta daidai ne ko kuskure, faɗin ra'ayi shi ne abin da aka aiko ta ta yi. Babbar Kotun Jiha ta ba ta gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, ta ce ɗan majalisa ba baran majalisa ba ne, kuma dakatar da shi hana mutanen mazaɓarsa wakilci ne. Har yau lauyoyi suna kafa hujja da wannan shari'a duk sa'ad da aka dakatar da ɗan majalisa a ko'ina cikin Nijeriya.

Waɗannan abubuwa biyu sun faru kafin Alhaji Abubakar Sulaiman ya zama Kakaki, ba a wuyansa suke ba. An kawo su ne don a ga irin gadon da ya tarar, da irin al'adar da ake bukatar a karya.

MUDUN DA BAUCI TA RIGA TA SANI

In ana neman mudun awo, ba sai an je Ingila ba. Yana nan cikin birnin Bauci, inda kabarin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Mutane sun fi tuna shi da zama Firayim Minista daga 1957 har rasuwarsa a 1966. Amma kafin nan shi ma ɗan majalisa ne mai wakiltar Lardin Bauci a Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa a Kaduna, malamin makaranta mai aiki a ƙarƙashin En'e.

A watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisa ya kawo batu cewa a kafa hukuma ta binciki tsarin mulkin En'e, a gyara shi, a ba talakawa baki a cikin al'amuransu. A zamanin nan Sarki shi kaɗai ne hukuma a ƙasarsa, Razdan yana bayansa, kuma abincin mai maganar a hannun En'e yake. Da ƙyar batun ya tsallake. Amma a sakamakonsa Gwamnati ta sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka yi bincike, a 1952 aka soke tsarin Sarki shi kaɗai aka koma Sarki da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e. Ba a tuna Malam Abubakar da yawan buhunan da ya raba. Ana tuna shi da ranar da ya faɗi abin da masu iko ba sa son ji, cikin ladabi, a wurin da aka ajiye shi don ya faɗa.

Ningi ma tana da nata tarihin. Malaman da suka kafa mulkinta a ƙarni na 19, su Malam Hamza, sun baro Tsakuwa ta ƙasar Kano ne saboda jayayya a kan haraji, kuma jikokinsu ba su sunkuya wa kowa ba har zuwan Turawa. Wakilin da ya fito daga wannan ƙasa ba ya bukatar a koya masa yadda ake cewa a'a.

Wani zai ce, ai zaman lafiya tsakanin Gwamna da majalisa shi ke kawo aiki, rigima kuwa ba ta gina hanya. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke roƙon a riƙa jifa da kujeru. Amma tsakanin faɗa da amshi akwai fili mai faɗi, a nan bincike yake zaune. Majalisar da ta kira Kwamishina ya yi bayanin kwangila a bainar jama'a, ko ta rage bashin da aka nemi ta amince da shi, ko ta buga rahoton Mai Binciken Kuɗi kowa ya karanta, taimakon Gwamna ta yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yanzu da doka ta ba majalisa jakarta, uzurin da ake bayarwa na tsoron yunwa ya ragu ƙwarai. Abin da ya saura shi ne tsoron rasa tikitin jam'iyya, wannan kuwa masu ƙuri'a ne kaɗai ke da maganinsa.

RABON JAMA'A A CIKIN LAIFIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan majalisar da tun asuba ƙofar gidansa ta cika da masu neman kuɗin magani da na biki, tilas ya nemi inda zai samo, kuma inda ake samowa shi ne gidan Gwamnati. Duk wanda ya karɓi Naira dubu biyar ya yi shiru shekara huɗu, ya taya a ɗaure bakin wakilinsa. Mutanen da ke Kudu suna da dama a nan wadda na gida ba su da ita. Da guminsu suke ci, ba su dogara da ɗan siyasa ba, kuma kuɗin da suke aikawa gida ya sa ana jin maganarsu a tsakar gida da majalisar unguwa. Suna da ƙungiyoyin 'yan gari, suna da Sarakunan Hausawa, suna da shugabannin kasuwa.

Saboda haka in ɗan majalisa ya zo gaisuwa Agege ko Sabo, ko aka haɗu da shi a gida da Sallah, bayan an gaisa an yi masa addu'a, sai a yi masa tambayoyin da suka dace da aikinsa. Wace doka ya kawo da kansa? A wane kwamiti yake, kuma wace ma'aikata kwamitin ya bincika? Nawa aka ware wa asibitin mazaɓarsa a kasafin bana, nawa aka fitar? Bashi nawa ya amince a ciyo da sunan jiha? Kuɗin ƙaramar hukumarsa suna isa gare ta? Wanda ya yi aiki zai ji daɗin amsawa. Wanda bai yi ba zai gane cewa an fara farkawa. Tsarin mulki ma, a sashe na 110, ya ba masu zaɓe ikon yi wa wakilinsu kiranye in fiye da rabinsu suka sa hannu, ko da yake hanya ce mai wuya. Hanya mai sauƙi ita ce a yanki katin zaɓe, a san inda rumfa take, a kuma gaya wa na gida abin da aka gani.

Alhaji Abubakar Sulaiman ya nuna iya riƙon majalisa, ya ɗaga sunan Bauci a tsakanin jihohi, kuma yana da dokoki da zai nuna. Wannan rabin mudu ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sauran rabin, watau majalisar da za ta dubi Gwamnan jam'iyyarta ta ce masa a kawo lissafi, bashi ne a kansa da abokan aikinsa, da duk wanda zai zauna a wannan zaure bayansu. Masu bin bashin kuwa su ne talakawan Bauci, na gida da na Kurmi. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba talakawa ikon tambaya, ya mai da kowane matafiyi gida lafiya.